Ɗiyar Fari a Ajina

Litinin, bayan la'asar

Mushe Isaka, malamin boko mai zuwa daga Madawa duba makarantun manya, ya ce kowace malama ta riƙa rubuta abin da ya wakana aji. Nashi kayen, littahin rubutun, na nan daban, mai tsabta. Wanga nawa ne, abin da na ga dama nike sawa ciki.

Ni Cima, shekaru sun hi goma ina riƙe da ajin matan Sabon Gida. Karatu da rubutu da Hausa, ɗan Faransancin zuwa likita, ɗinki, da haɗa sabulu. Ba yabon kai ba, macen da ta shigo hannuna ba ta san ko bihim ba, kahin ruwan farko ya sauka ta rubuta sunanta. Ko Zaliha ƙawata, mai kai kamar turmi, bana ta fara karanta saƙon ɗanta a salula ba tare da ta nemi ɗan lakkol, ɗan boko, ba.

Yau aji ya ƙaru da mutum guda. Ta Gwaggo ta zo ta zamna can baya, gindin ginshiƙin rumfa. Ɗiyata ce ta fari, don haka ba ni faɗin sunanta, ba ni kuwa rubuta shi. Tun da anka yaye ta gwaggonta ta ɗauke ta zuwa wani ƙauyen Buza. Can ta girma, ba lakkol, can anka yi mata aure zuwa Keita. Gwaggo ta rasu bara waccan. Shi ya sa da abin ya faru nan ta dawo, bisa kabu-kabu da tsakar rana, da jaka guda da majanyi naɗe a hannu.

Ba ni rubuta abin da ya faru Keita. Jinjirin, Allah ya bayar, Allah ya karɓi abinshi. Auren kuwa, maigida ya tahi ya dawo ya ce a bar maganar, anka bar ta.

Ba ni na ce ta zo aji ba, Zaliha ta jawo ta. Amma na ji daɗi, kuma na san abin da za ni yi da ita.

Talata, hantsi

Ba ta sha hura ba. Ba komai, zahi ne.

Laraba, bayan la'asar

Kiran suna na samo mishi dabara. In na iso kanta sai in gyara murya in duƙa neman alli, Zaliha ta ce, "Tana nan." Mata sunka yi dariya, ni ma na murmusa. Ita ba ta yi ba.

Yarinyar tana da hannu. Ta riƙe alli kamar mai riƙe allura, haruffanta tsaye, ba ɗaya bisa ɗaya ba. Na gani da gehen ido sa'ad da nike wucewa. Ban tsaya ba. Na zarce wurin Fatiha, wadda rubutunta ke kamar kaza ta bi ta kan allo, na ce madalla, an samu ci gaba.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan cikin cikina na faɗe shi.

Juma'a, bayan azahar

Asiya, wata matar garin nan, ta dawo daga Tamanrasat, can ƙasar Larabawa, da haƙorin makka da salula kamar faranti. Ta shigo gaisuwar rashi, ta gaishe ni a tsaitsaye, sannan ta shige ɗakin Ta Gwaggo ta daɗe. Da ta hito har da yi mini sallama mai zaƙi.

Da maraice Zaliha ta kawo mini labarin. Da an gama cirar albasa Asiya za ta koma arewa da mata, aikin gidajen Larabawa. Ta Gwaggo ta ce a sa da ita.

Mata biyu na garin nan sun bi wagga hanya. Guda ta dawo da tarin da bai bar ta ba har yau. Gudar kuwa uwarta tana nan tana jiran labari, ko na gawa ne.

Zaliha ta ce, "Cima, ki shiga ɗakin nan ki yi mata magana."

Na ce, "Ke dai ki ce mata in ji ni, wadda ke da sana'a hannu ba ta wanke kwanonin wasu."

Ba za ta tahi ba. Ni na san mata. Na taɓa riƙe wadda mijinta ya ƙone mata kaye, na riƙe wadda ta zo aji da naƙuda. In na cika mata hannu da ɗinki da sabulu, ta ga sunanta bisa takardar shaida ranar ruhe aji, Asiya za ta tahi ita kaɗai da haƙorinta. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba shi hango shi.

Asabar, da sahe

Ta wanke majanyin ta shanya. Ba shi da dauɗa.

Litinin, kusan magariba

Ranar sabulu. Na sa kowa ta ɗaure hanci da ɗankwali kahin a zuba soda, na sake ja musu kunne cewa soda ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin soda ba. Zaliha ta ce shekara uku tana jin wagga magana, ta hi sallama yawa a bakina. Na ce shekara ukun ne ya sa har yau kina da idanu biyu.

Motsawa ita ce aikin. Hannu guda, gehe guda, ba tsayawa, har ya yi kauri kamar koko. Mata sunka yi ta musanya muciya suna kukan kafaɗa. Ta Gwaggo ta karɓa ba ta sake ba har anka gama, huskarta shiru, zufa na ɗiga daga haɓarta. Nata ya hi na kowa. Sumul, ba gudaji, ni kaina ba kullum nike samun irinshi ba.

Mata sunka taru kanshi suna wai-wai. Fatiha ta ce, "Madan, ki zo ki gani."

Na zo na duba, na ce, "Ya so ya yi ruwa."

Mi za ni ce? In tsaya gaban mata ashirin in yabi abin da na haifa? Gobe a ce Cima ta zubar da kunya, kuma ga baki, yarinyar da ke cikin abin da take ciki. Kare ta na yi.

Ta dube ni ta ce, "To, Madan." Haka take kirana, gida ma haka.

Talata, bayan isha ta wuce kaɗan

Maigida ya dawo daga garka yana warin albasa, ya zamna cin tuwo, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "An ce waccan na son bin Asiya."

Na ce, "An ce."

Ya ce, "Ki hana ta mana."

Na ce, "Kai ka hana ta. Ai kai ne uba."

Ya ce, "Ni? Ta fari ce hwa."

Na ce, "To ni ta tsakiya ce gare ni?"

Ga mu, mu biyu da hurhura, tana can ɗaki taku kaɗan daga inda muke. Daga baya ya ce gobe shi ga Zaliha. Na ce ka bi layi, ni na riga ka.

Ba komai. Na san abin da nike yi.

Alhamis, bayan la'asar

Mushe Isaka ya zo da babur ɗinshi mai tari. Ya zagaya aji hannu baya, yana leƙa alluna. Ya ce ruhe aji ya matso, za a zo da takardun shaida, mutanen mairi, hukumar gari, ma za su zo. Mata sunka ce a yi anko.

Da ya iso baya ya tsaya, ya ɗauki allonta ya ɗaga sama. Ya ce, "Wagga yaushe ta fara?" Anka ce bai kai wata ba. Ya ce, "Madan Cima, wagga ki riƙe ta da kyau, malama ce ke tahe. Ɗiyar wa ce?"

Zaliha ta sa baki cikin mayahi tana dariya. Na ce, "Ɗiyar mutanen Buza ce, mushe."

Shi baƙo ne, bai gane ba, ya ce Allah shi yi ma iyayenta albarka. Mata sunka ce amin da ƙarhi, har da guɗa ƙasa-ƙasa. Na juya ga tablo, babban allo, ina gogewa, ko da ba komai rubuce.

Da anka tashi ita ta riga kowa hita.

Asabar, hantsi

Ta ci tuwo loma uku. Na ƙara mata man shanu a miya, na ce ma Zaliha ta ce ita ta kawo.

Litinin, bayan la'asar

Yau darasin zuwa likita. Ina son shi, don shi ne ke ceton rai. Na kawo karne, katin awon yara, na nuna musu inda ake sa suna, inda ake sa ranar allura. Na ce abu na farko da majo, ma'aikacin likita, ke tambaya shi ne sunan yaro, kuma ba shi da lokacin jiran kwana-kwana.

Nan wasa ya tashi. Na zama majo, Fatiha ta ɗauko tulu ta goya, ta zo. Na ce, sunan yaro? Ta ce, "Mai sunan ƙanen maigida." Na ce wane ƙane? Ta ce, "Wanda ke Abijan." Na ce ni majo ne, ban san Abijan ba. Ta ce, "To ka rubuta Ɗan Talata." Mata sunka faɗi ƙasa don dariya. Ɗanta na fari ne, ko da wuƙa ba ta faɗi.

Zaliha ta ce, "Ke mai koya muna, in ke ce za ki faɗi?"

Nan bakina ya ɗebe ni. Na ce, "Ni? Ku tambayi garin nan. Tun ranar suna har yau, ko cikin barci sunan tawa bai hito bakina ba. Ranar da gwaggonta ta ɗauke ta tana kuka tana miƙo hannu, daka nike yi, ban ko waiwaya ba. Tsohuwar maigida da kanta ta ce ba ta taɓa ganin mai kunya irina ba."

Mata sunka ce ai Cima ba daga nan ba. Na ji daɗin maganar, ba ni ɓoyewa. Na ɗauka ma ita za ta ji daɗi, ta san daga gidan mutunci ta hito.

Ta goge allonta da gehen zane, a hankali, har ya yi baƙi ƙirin. Ta aje shi bisa tabarma ta tashi ta hita.

Na ce ma mata zahi ne, munka ci gaba.

Talata, bayan la'asar

Ba ta zo aji ba.

Laraba, bayan la'asar

Ba ta zo ba. Da na iso kan sunanta na duƙa neman alli kamar kullum, ba wanda ya ce komai. Na daɗe duƙe.

Alhamis, da sahe

Zaliha ta same ni bakin rijiya. Na ce ta ce ma waccan allonta na nan ina aje mata.

Ta aje guga ta ce, "Cima, ni na gaji da zama salularki. Ke ki danna, maigidanki shi danna, ni in yi ta ƙara a kunnen yarinya. Ta haɗa kayanta. Jiya na gani da idona."

Na ce, "Kunya ai ba ni na fara ta ba. Ke kina kiran naki?"

Ta ce, "Ba ni kira. Amma nawa gabana ya girma, ya san wa ke aje mishi ƙanzo. Taki mi ta sani? Tari da neman alli."

Na yi hushi, na ce mata mai kan turmi. Ta ce ta yarda, amma turmi ko banza ana daka a ci. Na ɗauki tuluna ban cika shi ba.

Har yanzu ina ganin ba za ta tahi ba. Haɗa kaya ba tahiya ba ne.

Asabar, bayan azahar

Wanga sai na rubuta shi.

Yau gidanmu duka garka munka wuni, ana cirar albasa. Maza na cira, mu muna yanke ganye muna tarawa don gabu. Da rana ta take kowa ya nemi inuwa. Ban lura ba sai na gan ni gindin rudu, rumfar gadin garka, ni da ita, ba na uku.

Na yi kamar ina gyara wuƙa. Ita ta fara magana, idonta ƙasa.

Ta ce, "Madan, ƴar aji na da tambaya."

Na ce, "Ina ji."

Ta ce, "Ƙaƙa ake rubuta Muntari?"

Sunan jinjirin ke nan. Na share ƙasa da tahin hannu, na ɗauki kara na rubuta mata. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta karɓi karan ta yi nata ƙarƙashin nawa.

Ta ce, "Don wanga na zo ajinki. Yau ne na fara faɗinshi da bakina. Wata tara shina bayana ban kira shi ba ko sau guda."

Ta ci gaba, muryarta ba hawa ba sauka.

Ta ce, "Ranar da zazzaɓin ya kama shi, uwar mijina ta tambaya, na ce da sauƙi. Washegari jikinshi kamar garwashi, ta sake tambaya, na ce da sauƙi. Ina so in ɗauke shi in ruga likita, ina jin kunyar a ce ɗan fari ya ruɗa ni. Gwaggo kullum tana ce mini, uwarki ta hi matan Sabon Gida kunya, kada ki ba ta kunya gidan miji. Sai da wata maƙwabciya ta leƙo ta kwance shi daga bayana da ƙarhi. Ba mu kai ba. Ko kuka ban yi ba gaban mutane, anka ce na yi ƙoƙari."

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Na yi yadda kika yi, Madan. Ban waiwaya ba."

Allah shina gani. Ina so in jawo ta jikina. Ina so in ce mata ranar nan da nike daka, hatsin ya jiƙe da hawayena, sai da na zubar ma kaji. Bakin ya ƙi buɗuwa. Shekarun nan duka na koya mishi ruhuwa, ya iya.

Na dubi ƙasa na ce, "Ƙafar harahin farkon ta karkace."

Ta dubi rubutun, ta gyara shi da yatsa. Ta ce, "To, Madan." Ta tashi ta koma yankan ganye.

Ni Cima, mai koya ma mata magana gaban majo.

Lahadi, bayan asuba

Na koma garka ni kaɗai. Awaki sun bi ta wurin, amma rubutunta na nan, rabi. Na zamna kusa da shi har rana ta hito.

Talata, bayan la'asar

Na samu dabara, kuma mai kyau ce.

Jibi ruhe aji. Na sa Mushe Isaka ya yi mata takarda, ko da ta yi fashi, don ta hi waɗanda ba su yi ba. Munka shirya da Zaliha. In an iso kan takardarta, Zaliha ta kira sunan, ni in miƙa. Bayan nan keken ɗinkina, wanda ba ni bari ko ƙuda shi sauka kanshi, a kai mata ɗaki, Zaliha ta ce in ji ni. Wadda anka ba keke ta san abin da ake nuhi.

Zaliha ta ce, "Har yanzu dai ni ce salular."

Na ce wannan ne kira na ƙarshe. Ta ce Allah shi sa akwai rezo, kiran shi shiga.

Asiya ta ce ma mutane sai mako mai zuwa. Akwai lokaci. Na ɗinka mata ankon da kaina, na aje bisa gadonta tana wanka. Awon ido na yi, kuma na san bai kuskure ba.

Laraba, hantsi

Ba ta taɓa ankon ba. Shina nan naɗe yadda na aje shi.

Alhamis, bayan magariba

Da sahe na hita da wuri shirya rumfa. Mun shimfiɗa tabarmi, mun jera sabulu da rigunan yara bisa tebur, mata sun yi kyau cikin anko. Mushe Isaka ya iso da mutanen mairi. An fara jawabi ina ta duban hanya.

Na aiki Fatiha gida ta gani. Ta dawo da sauri ta raɗa mini cewa ɗaki wayam. Ba jaka, ba majanyi. Ankon na bisa gado. Wata ta ce ta ga Asiya da mata sun shiga motar Madawa tun da hantsi, yau kar, babbar motar Agadas, ke ɗaukarsu daga can.

Mushe Isaka na cewa, "Yanzu Madan Cima za ta yi muna bayani," ni kuwa na riga na kai bakin hanya. Zaliha na bayana tana riƙe da takalmi hannu. Kabu-kabu guda munka hau mu biyu, mai babur na cewa taya, Zaliha na cewa taya ta ci gidansu.

Tashar ta cika maƙil. Kar ɗin na tsaye injin na ruri, an gama ɗaure kaya, mutane na layi bakin ƙofa. Tsakanina da su taro ne, masu talla, masu kura, masu rakiya. Na hango ta daga baya. Mata da yawa da hijabi iri guda, amma ni na san tsayuwarta. Saura mutum kaɗan ta hau.

Na kutsa ban samu hanya ba. Na ce, "Ke." Mata goma sunka waiwayo, ban da ita. Na ɗaga murya na ce, "Ta Gwaggo." Na ga kafaɗarta ta motsa. Ta ji. Ba ta juyo ba, ta ƙara taku guda.

Zaliha ta ce, "Bari in kira miki ita." Ta ja numfashi. Na riƙe mata hannu, na ce a'a.

Ga mutanen Sabon Gida nan cikin tasha, na ga aƙalla uku da sunka san ni. Ga ƙanen maigida can bisa buhunan albasa. Na gan su duka. Na buɗe baki, na farko bai hito ba, iska kawai. Na biyu ya hito da wata murya da ban san ina da ita ba, har mai sayar da ruwa ya saki tire.

"Mardiyya!"

Ta tsaya, ƙafa guda bisa matakala.

Na sake kira. Da na fara sai ya ƙi tsayawa, na yi ta faɗinshi ina ture mutane, ɗankwalina ya faɗi ban ɗauka ba. Na iso na kama hannunta. Na ce, "Mardiyya, ni na haihe ki. Ranar da anka ɗauke ki na yi kuka cikin turmi. Sabulunki ya hi nawa. Ba ke kika kashe Muntari ba, ɗiyata. Ki sauko mu tahi gida."

Yaron mota na cewa a hau ko a ba mutane hanya. Asiya ta leƙo ta taga tana wata magana, Zaliha ta tsaya mata, ban ji mi ta ce ba amma tagar ta ruhe.

Ta sauko. Ta zamna nan ƙasa cikin tasha, ta hiddo majanyin ta tura huska ciki, ta yi kukan da ba ta yi ba Keita. Na zamna kusa da ita cikin ankona, na riƙe ta, kowa na kallo. Kar ɗin ya tashi da jakarta bisa. Na ce shi tahi da ita, kaya ne.

Juma'a, bayan azahar

Gari ya ɗauka. An ce Cima ta zubar da kunya tsakiyar tashar Madawa, kai ba ɗankwali. Wata tsohuwa ta zo har gida ta ce ba ta zaci haka gare ni ba. Na ba ta ruwa ta sha, na ce ni ma ban zata ba, ta gaida gida.

Mushe Isaka ya aiko da saƙo wai mutanen mairi sun jira ni har sunka gaji, Fatiha ce ta raba takardu. Na ce to, ai don haka na koya mata karatu.

Da maigida zai tahi masallaci ya tsaya bakin ɗakinta, ya yi gyaran murya har sau uku, ya ce, "An tashi lahiya?" ya wuce da sauri kamar an biyo shi. Na ce mishi da sannu, ni ma ba rana guda na iya ba.

Ba ta ce mini ta fasa arewa har abada ba. Ni ma ban tambaya ba. Ta shanye hurarta.

Litinin, bayan la'asar

An ruhe aji a takarda, amma mata sun ce a ƙara musu mako biyu kahin ruwa. Na sake darasin likita. Wannan karon ban yi dariya ba. Na ce duk wadda yaronta ya yi zahi, na fari ne ko auta, ta ɗauke shi ta ruga, mai magana shi yi. Na sa kowace ta faɗi sunan nata ga majo. Wasu sun ƙi, ban tilasta ba. Fatiha ta faɗi nata cikin tahin hannu, ta ruhe huska, anka yi mata guɗa.

Kahin nan na yi kiran suna. Da na iso wurin, Zaliha ta buɗe baki don sabo, na harare ta ta ruhe. Allin na hannuna, ba abin da za ni duƙa nema.

Na ce, "Mardiyya."

Daga baya, gindin ginshiƙi, ta ce, "Na'am, Inna."